Sharhi A Kan Yadda 'Yan Kwangila Da Masu Sana'a Ke Yanke Kuɗin Aiki

 Sharhinmu na yau ya shafi wata mas'ala wadda da wuya a sami magidancin da bai taɓa cin karo da ita ba, ko da kuwa abin da ya mallaka bai wuce ɗaki da zaure ba, watau yadda magini, da kafinta, da mai haƙa rijiya, da mai gyaran famfo, da sauran waɗanda akan kira a ba su aiki, suke yanke kuɗin da za a biya su. Sau da yawa mai gida yakan kira mutum uku su duba aiki guda, na farko ya faɗi nasa, na biyu ya kusa ninkawa, na uku kuwa ya ambaci abin da bai kai rabin na farko ba, har mai gida ya rasa wanda zai gaskata, ya koma yana zargin dukansu da son zuciya. Alhali kuwa da ya san abin da kowannensu ya ƙidaya da abin da ya bari, da ya gane cewa ba aiki ɗaya suka yi wa kuɗi ba.

Abin da nake nufin bayyanawa a wannan zama shi ne, a cikin kowane farashi, bayan kuɗin kaya da ladan gumi, akwai wani kaso da ido ba ya gani, shi ne kuɗin kasada. Domin kowane aiki, tun daga ranar da aka soma shi har ranar da aka miƙa shi, yana tare da al'amuran da babu wanda ya san su sai Allah, kamar ruwan sama ya tsayar da gini, ko kaya su yi tsada a tsakiyar aiki, ko a haƙa harsashi a tarar da dutse a inda ake zaton jar ƙasa ce. Kuma tilas ne ɗaya daga cikin mutum biyun nan, mai gida ko ma'aikaci, ya ɗauki nauyin abin da ba a sani ba. Wanda ya ɗauka shi ya cancanci a biya shi a kansa. Mafi yawan husumar da masu unguwanni da alƙalai ke sasantawa tsakanin masu gida da masu sana'a, in aka bi asalinta, sai a tarar ba a kan yawan kuɗi aka saɓa ba, an saɓa ne domin kowannensu ya tashi daga wurin ciniki yana zaton ɗan'uwansa ne ya ɗauki kasadar.

To, bari mu soma da hanyoyin nan uku da aka saba ba da aiki a ƙasarmu. Ta farko ita ce aikin yini, inda mai gida zai sayi kayansa, ya ɗauko birkila da leburansa, a yi aiki daga safe zuwa la'asar, ya sallami kowa da ladan ranar. A nan kasada duka tana wuyan mai gida, domin in ma'aikaci ya yi nawa, ko ruwa ya ƙare aka zauna jiran 'yan garuwa, shi ne zai biya kwanakin da suka ƙaru. Saboda haka ne kuɗin yini ya fi sauƙi a ido, saboda haka ne kuma ake bukatar mai gida ko wakilinsa ya tsaya a kan aikin. Ta biyu ita ce jinga, inda za a nuna wa gwani aiki sananne, a ce daga harsashi zuwa linta, ko rufin ɗaki uku, a yanke masa kuɗin hannunsa gaba ɗaya, ko ya gama cikin mako ko cikin wata. A nan kasadar lokaci ta koma kansa, shi ya sa za ka ga ɗan jinga tun da asuba ya iso, kuma shi ya sa abin da mai gida zai sa wa ido ya tashi daga sauri ya koma inganci. Ta uku ita ce cikakkiyar kwangila, wadda ɗan kwangila zai sayi kaya, ya ɗauki ma'aikata, ya biya sufuri, mai gida ba shi da wani aiki sai karɓar makulli. Wannan ya ɗauki kasadar lokaci da ta kasuwa da ta ma'aikata baki ɗaya, don haka ba abin mamaki ba ne in kuɗinsa ya fi na kowa.

Malaman fiƙihu sun riga mu duba wannan al'amari tun da daɗewa, a babin ijara, kuma duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, ko ya kai ga Muhtasar na Sidi Halil, ya san sharaɗin da suka kafa, watau lada ta zama sananniya, aikin kuma ya zama sananne, ko dai da lokacinsa ko da iyakarsa, domin jahiltar ɗaya daga cikinsu garari ne, garari kuwa ƙofar husuma ce. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Annabi Musa, alaihis salam, sa'ad da ya yi yarjejeniyar aiki a Madyana, aka ambaci shekara takwas, aka bar masa zaɓin cika goma in ya so; kuma a Suratul Kahfi, da bawan Allah Halliru ya tayar da bangon da ke shirin faɗuwa, Annabi Musa ya nuna masa cewa da ya so da ya karɓi lada a kai. Har ma malamanmu na Malikiyya sun yi saɓani game da wanda ya haɗa wa ma'aikaci aiki da lokaci a ƙulli guda, kamar ya ce a ɗinka masa riga a gama ta yau, domin sun hango cewa rana tana iya faɗuwa aiki bai ƙare ba, a rasa wanne za a bi. Wannan zurfin nazari nasu duka a kan tambaya ɗaya yake, ita ce wa zai ɗauki abin da ba a sani ba.

Yanzu kuma mu duba yadda gwani mai hankali yake lissafi kafin ya buɗe baki. A ce an kira shi ya ja katanga mai tsawon mita 20 da tsayin mita 2 da rabi. Abin da zai fara yi shi ne awo, ya sami faɗin bango murabba'in mita 50, kuma da yake bulo goma ne ke rufe murabba'in mita guda, ya san yana bukatar bulo 500, ya ƙara kamar 25 saboda waɗanda za su karye a wajen lodi da saukewa, ban da waɗanda za su shiga ƙasa a harsashi. Daga nan ya tambayi kansa, bulo mai inci 6 ake so ko mai inci 9. Ginshiƙi nawa za a tsayar, da rodi mai kauri nawa. Buhun siminti nawa zai ci. Tifar yashi da ta tsakuwa nawa. Ruwa a kusa yake ko sai an sayo. Sa'an nan ya aika yaronsa, ko ya buga waya, ya ji abin da rodi ke ciki a Ƙofar Ruwa, da abin da katako ke ciki a 'Yan Katako ta Na'ibawa, in a Kano yake, domin farashin makon jiya ba hujja ba ne a wannan mako. Bayan kaya sai hannu: birkila nawa, lebura nawa, kwana nawa. Bayan hannu sai sufuri, wanda mutane ke rainawa, alhali buhun simintin nan mai kilo 50, ko daga Kalambaina ta Sakkwato ya fito, ko daga Ashaka ta Gombe, ko daga Obajana ta Kogi, kowace tafiya da ya yi a mota tana cikin kuɗinsa, har zuwa baron da zai shigar da shi lungu in mota ba ta shiga.

Wannan lissafi da gwani ke yi a ka, ko a bayan takardar siminti, shi ne dai manyan kamfanoni ke ɗaukar ƙwararrun masu ƙididdigar kayan gini su yi musu a rubuce, layi bayan layi, kowane abu da adadinsa da kuɗin gudansa. Sana'a ce mai zaman kanta, wadda ƙungiyar ma'abotanta ta Nijeriya, NIQS, ta kafu tun 1969. Bambancin babba da ƙarami a nan bai wuce na takarda ba, amma takardar nan ita ce ke hana gardama, domin in mai gida ya ce kuɗi sun yi yawa, sai a bi layi a nuna masa inda za a rage da abin da zai rasa in an rage.

Sai dai kuma lissafi komai kyansa yana dogara ne a kan kasuwa ta tsaya, kasuwarmu kuwa a 'yan shekarun nan ba ta tsaya ba. Masu sauraro za su tuna ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, sa'an nan a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Zuwa Fabrairun 2024 buhun simintin da ake saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi matsaya a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ku ɗauki misalin ɗan kwangilar da ya karɓi aikin naira miliyan 1, ya ware 650,000 na kaya, 200,000 na ma'aikata, 50,000 na sufuri da hayar kayan aiki, ya bar wa kansa 100,000. In kaya suka tashi da kashi 20 cikin 100 kafin ya gama saye, ƙarin ya zama 130,000, watau ribarsa duka ta tafi, kuma sai ya ciro 30,000 daga aljihunsa kafin ya cika alkawari. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, haka ne. Amma wanda ya taɓa yin irin wannan aski sau ɗaya, in ka kira shi gobe, ko dai ya ce maka farashin nan na mako guda ne, ko ya ce ka sayi kayanka shi ya yi hannu, ko ya ɗora wani abu a sama domin tsaron gaba. Duk ukun nan ba ha'inci ba ne matuƙar ya faɗa a fili.

Babu inda kasada ta fi fitowa sarari kamar haƙar rijiya, domin babu mai ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Tun a da masu haƙa sukan yi ciniki iri biyu: ko a biya su gaba-gaba, kowace gaba da kuɗinta, a sami ruwa ko kada a samu, ko kuwa a yi da su sai sun kai ga ruwa. Na biyun nan shi ne ya yi kama da abin da malamai ke kira ju'ala, wadda ba a yanka mata lokaci, kuma ma'aikaci ba shi da komai sai aiki ya cika. Risala ma ta ambaci haƙar rijiya cikin misalanta. Masu injin burtsatse na yau a kan wannan turba suke, sai dai mita ta maye gurbin gaba. A ƙasar Kano da Zazzau, inda dutse ke kwance a ƙarƙashi, ruwa yana cikin tsagogin dutsen ne da ruɓaɓɓen samansa, ana iya samu a nan a rasa a gidan maƙwabci. A ƙasar Barno kuwa, wajen tafkin Chadi, ƙasa mai yashi da laka ce, akwai ruwan da sai an nutsa ɗaruruwan mitoci. Saboda haka wanda ya ce maka zai haƙa a kan kuɗi kaza kowace mita, da wanda ya ce maka kuɗi kaza sai ruwa ya fito, ba abu ɗaya suke sayar maka ba, na biyun ya haɗa maka da lamuni, kuma kuɗin ramukan da ya taɓa haƙawa a wasu gidaje suka fito a bushe yana cikin abin da ya faɗa maka.

Akwai kuma wasu abubuwa da mai gida ba ya gani saboda ba a gabansa ake kashe su ba. Mai gyaran famfon da ya zo ya yi rabin sa'a ya nemi abin da kake ganin ya yi yawa, ka tuna ya biya abin hawa zuwa da komawa, ya bar wani aiki ya zo naka, kayan aikinsa suna cinyewa sai an sabunta, yana da hayar shago da yaran da yake ciyarwa, kuma ba kullum yake samun kira ba, ranar samu ita ke ciyar da ranar rashi. Ka tuna kuma shekarun da ya yi yana yaron shago, yana ɗaukar jaka yana cin tsawa kafin maigidansa ya yaye shi, su ne suka sa abin da zai ɗauki wani yini guda shi ya gama kafin shayi ya huce; in aka biya shi da awon lokaci kaɗai, an hukunta shi ke nan saboda ƙwarewarsa. Bayan wannan ga lamuni: a mazhabar Imamu Malik, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su shagonsa, kamar tela da marini da maƙeri, shi ke da alhakin biya in sun ɓata ko sun salwanta, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne, kuma malamai sun kafa wannan hukunci ne domin maslahar jama'a. Telan da ya sa almakashi a shadda mai tsada ya san in ya kuskure shi zai biya, don haka ɗinkinta ba zai yi kuɗi ɗaya da na yadin makaranta ba, ko da zaren da ya ci ɗaya ne.

To, jama'a, mun faɗi hujjar masu sana'a, adalci kuwa ya wajabta mu faɗi inda wasunsu ke karkacewa. Na farko shi ne yanke kuɗi da kallon mutum. Wani kafin ya dubi aiki sai ya dubi ƙofar gida, da motar da ke ajiye, da rigar mai gida, ya ga ko Alhaji ya san kan abin ko bai sani ba, ko kuwa Hajiya ce ita kaɗai babu namijin da zai tsaya mata. Aikin da ya yi wa wani jiya a kan kaza, yau ya ninka shi uku. Ba laifi ba ne mutum ya sassauta wa mai rauni, wannan ihsani ne; laifin shi ne ƙwarar wanda ya amince maka, ya ce kai ka san sana'arka, faɗi gaskiya in biya. Malamai sun tsananta a kan irin wannan ciniki na wanda ya saki jiki, kuma Ibn Asim, a cikin Tuhfa wadda alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da ita, ya ambaci cewa wanda aka ƙware a ciniki da sulusi ko fiye, alhali bai san farashi ba, yana da damar kai ƙara matuƙar shekara ba ta wuce ba. Na biyu shi ne cin riba a ɓoye a kan kaya, a karɓi kuɗin buhu goma a sayi takwas, ko a haɗa baki da mai shago ya rubuta rasit da ƙari. Wanda aka aika sayayya wakili ne, wakili kuwa amintacce ne. In yana ganin wahalar zuwa kasuwa ta cancanci lada, to ya nemi ladarsa da sunanta.

Na uku, wanda ya fi duka haɗari, shi ne karya farashi domin a karɓe aiki. Mutum ya san sarai kuɗin da ya faɗa ba za su isa ba, amma ya ce a ransa bari dai in shiga, in an buɗe rufi damina ta kawo kai, mai gida ba shi da zaɓi sai ya ƙara. In kuwa mai gida ya ƙi ƙarawa, sai a ciro bambancin daga jikin aikin: a ƙara yashi a rage siminti, a sa rodi mai milimita 10 inda ake bukatar mai 12, a tazarce ƙusa, a tsinka fenti da ruwa, abubuwan da ba za su bayyana ba sai bayan an sallami kowa an yi addu'a an watse. Wannan shi ne tauye mudun da Suratul Muɗaffifina ta yi gargaɗi a kansa, sai dai mai tauye mudun hatsi yana rage wa mutum tuwo ne, mai tauye mudun gini kuwa yana iya rushe ɗaki a kan iyali. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Kuma mai gidan da ya matsa wa gwani har ya kai shi ƙasa da kuɗin kaya, sa'an nan ya yi murna ya ci ciniki, shi ma yana da kaso a cikin alhakin abin da zai biyo baya.

Akwai wata al'ada tamu kuma wadda asalinta kyakkyawa ne, amma a yau ta zama tushen ɓacin rai. Za ka tambayi gwani, «Malam, nawa za a ba ka?» sai ya sunkuyar da kai ya ce, «Haba Alhaji, ai mu da kai babu ciniki, a yi aikin tukuna, abin da ya sauƙaƙa ka bayar.» Wannan magana gadon zamanin da ne, sa'ad da ake gina ɗaki da tubali da azara, maƙwabta su taru a yi gayya a ci tuwo, magina kuma suna ƙarƙashin sarkinsu, gwani yana da ubangida wanda ke tuna shi da riga da hatsi da goron salla ko ana aiki ko ba a yi, irin su Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, martabarsu ta wuce a tsaya ana taya su kamar kayan kasuwa. Amma yau wannan zumunci mai ɗorewa ya yi ƙaranci, kunyar kaɗai ta rage. Sai a gama aiki, mai gida ya miƙa abin da yake ganin ya kyauta, gwani ya karɓa ya yi godiya da baki, ya fita yana ƙunci, gobe a kira shi ya ce ba ya gari. Shari'a ta yi wa wannan magani da abin da ake kira ujratul misli, watau a tambayi masana sana'ar abin da ake biyan irinsa a kan irin wannan aiki a wannan gari, amma ina amfanin a kai ga haka tsakanin mutanen da ke salla a sahu ɗaya? Kunyar minti guda a farkon aiki ta fi gabar shekara a ƙarshensa.

Game da kwangilar gwamnati kuwa, wadda jama'a ke mamakin yadda ajin makaranta guda ke cin kuɗin gida sukutum, ba za mu tsawaita ba. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta shimfiɗa ƙa'idar a yi talla, a yi takara, a ba wanda ya fi sauƙin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa, kuma a lokacin da aka kafa ta ta ƙayyade kuɗin soma aiki kada su wuce kashi 15 cikin 100. Ɗan kwangilar gaskiya a nan yana ƙidaya abubuwan da gwanin unguwa ba ya ƙidayawa: harajin VAT da ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, da harajin da ake cirewa tun kafin kuɗi su iso hannunsa, da takardun rajista, da kuma jinkirin biya, wanda kan kai watanni ko fiye, alhali kuɗin da ya yi aiki da su na bashi ne, a ƙasar da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Wannan duka kasada ce mai hujja. Amma kason da ake warewa domin wanda ya sa hannu, da sayar da takardar kwangila daga hannu zuwa hannu har ta isa ga wanda zai yi aikin da ragowar kuɗi, wannan rashawa ce, kuma talakan da ɗansa zai zauna a ƙarƙashin wannan rufi shi ne ke biyanta.

Abin da ya rage shi ne yadda za a biya. Kafin alƙalami halal ne in an lissafa shi cikin kuɗin aiki, kuma aka mayar wa mai shi in ciniki ya warware. Wanda Malikiyya suka hana shi ne a shardanta cewa ya zama na ma'aikaci ko da ba a yi komai ba. Hikima ita ce a raba biya bisa matakan aiki, kaso in an gama harsashi, kaso a linta, kaso bayan rufi, a riƙe ɗan abu kaɗan, kamar yadda manyan kwangiloli ke riƙe wajen kashi 5 cikin 100 na wasu watanni, har a ga ko rufi zai yi yoyo. In mai gida ya sauya ra'ayi a tsakiya, ya ce a ƙara taga ko a matsar da ƙofa, to a tsaya a yi wa ƙarin kuɗinsa nan take, kada a bar shi a kan «ai ɗan abu ne». In kuma aiki ya cika yadda aka yi alkawari, jinkirta haƙƙin ma'aikaci ga mai hali zalunci ne, hadisai sun tabbatar da haka.

Saboda haka, ya kai mai sana'a, in an kira ka, ka auna kafin ka yi magana, ka raba kuɗin kaya da kuɗin hannu, ka faɗi kwanakin da farashinka zai tsaya, ka ambaci abin da ba ya ciki, ka sa ribarka ba tare da jin kunya ba, domin Allah ya halatta ta. Kai kuma mai gida, in an kawo maka farashi uku, kada ka tambayi wanne ya fi araha sai ka fara tambayar kowannensu abin da ya ɗauka da abin da ya bar maka: wa zai sayi kaya, wa zai biya in sun tashi, wa zai gyara in ya tsage. Ku rubuta, ko da a takardar littafin yaro ne, ku sa shaidu biyu, domin aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaida ta sauka, kuma tun ran gini ran zane. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu ikon cika alkawari da biyan haƙƙi.